Kukan Injin Hajiya Yagana

Ba zan taɓa mantawa ba da irin kukan da ordinatar ɗin Hajiya Yagana, wato kwamfutarta, ya yi a hannuna, a shekarar nan da fari ya ƙone gonakin Damagaram, fara ta biyo baya ta lashe ɗan abin da ya rage. Har yau in ƙyauren ƙarfe ya yi ƙara a bayana sai gabana ya faɗi. Na daɗe ina ɓoye labarin nan. Matata ma rabinsa ta sani, rabin da ba ni da laifi a ciki.

Lokacin ina mushe, wato malami, a wata ƙaramar lakwal, makarantar boko, a nan Zinder, ina koyar da 'yan aji uku. Ban yi aure ba. Dukiyata keke ne da riguna huɗu, sai kuma baki, wanda Allah ya hore mini shi fiye da bukata. A farkon shekarar aka tura mu horon ordinatar na kwana biyar. Mu goma sha takwas ne, injuna uku, ɗaya daga ciki tun ranar farko ya ƙi tashi. In layi ya zo kanka sai ka zauna minti goma, ka rubuta sunanka, ka goge, ka tashi ka ba na baya. Intanet kuwa a allo aka zana mana shi da alli: ga Zinder, ga Yamai, ga kibiya a tsakani. Ranar ƙarshe aka raba mana takardar shaida mai hatimi biyu. Na kai aka sa wa tawa roba, na rataye ta a ɗaki daidai inda idon mai shigowa zai fara sauka. Daga nan abokaina na fadar shayi ba su ƙara hutawa ba. Ko maganar ƙwallo ake yi sai na karkato da ita kan ordinatar (ni da ban taɓa aika wa kowa ko "sannu" ta imel ba).

Wata Litinin cikin bazara na dawo daga lakwal da tsakar rana, na tarar da Kawu Idi zaune a ƙofar ɗakina. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya sa ni lakwal da hannunsa, kuma shi ke riƙe da makullin rumbun tsimi na ƙauyenmu, can bayan Droum, wato rumbun da gari ke tara hatsi a ciki don ranar wuya. Ban taɓa ganinsa ya rame haka ba, hularsa ma ta yi masa yawa. Bayan mun gaisa ya sha ruwa, sai ya ciro wani littafin rubutu na 'yan lakwal, da wata takarda da ya ninke ta huɗu.

Ya ce, "Wani ma'aikacin ƙungiyar agaji ya bi ta garuruwanmu. Ya ce za a raba hatsi, amma sai kowane gari ya aika da sunayen magidanta zuwa buronsu, wato ofishinsu na Yamai, ta wannan abin, imel, kafin Alhamis da yamma. Wanda ya aika yana zagayen farko. Wanda ya makara sai a na biyu, shi kuma ba a sa masa rana ba."

Ya dubi littafin, sannan ya ce, "Ɗana, ba komai a rumbu sai iri. Mata sun koma anza, sai an jiƙa ta kwana uku kafin ɗacinta ya bar yaro ya haɗiye. In motar nan ba ta zo mana a zagayen farko ba, irin za mu ci, ruwa ya sauka ba abin sa wa a ƙasa. An ce mini kai ka iya injin."

Nan ne ya kamata in ce, "Kawu, na ga inji, na taɓa shi, amma ban iya ba." Maimakon haka sai na miƙa hannu na karɓi littafin, har da ɗan murmushi, na ce, "Wannan ai aikin minti biyar ne."

Akwai wurin hayar intanet guda ɗaya da na sani a gari a lokacin. Da can na nufa, da an gama komai a yinin. Amma mai tsaron wurin tare muka yi kwalej, kullum shi ne na ƙarshe a lissafi, ni kuma na fi kowa yi masa dariya. In je in zauna a gabansa yana kallo ina laluben haruffa? Ina. Sai na tuna da Hajiya Yagana.

Hajiya maƙwabciyarmu ce a unguwar Birni, 'yar Barebari, 'yar kasuwa mai kai fatu Kano ta dawo da atamfofi. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma direbobin tasha in sun hango ta gyara tsayuwa suke yi. Ɗanta Bukar da ke aiki a Jidda ne ya kawo mata ordinatar da ya zo hutun Sallah, wai don ya riƙa aiko mata da hotunan jikoki. Ya je ya buɗe mata layin intanet, ya rubuta komai a takarda har da zane, hutu ya ƙare masa kafin ya haɗa. Wata biyar injin yana falonta lulluɓe da zanin gado, an ɗora masa furannin roba a ka.

Da na je mata da bukatar ta ce, "Lale, Mushe. Abin masu yunwa ai ba a hana shi. Amma ka ji sharaɗi biyu. Layin talhon nan da shi nake ci, ba za ka taɓa shi ba sai tsakanin azahar da la'asar, lokacin ina barci can ciki. Na biyu, injin nan amanar Bukar ce. In ya lalace a hannunka, kai za ka kira shi Jidda ka gaya masa da bakinka."

Na ce ba komai. Amma magana ta biyun nan ta shige mini ƙirji ta zauna.

A ranar na fara. Igiyoyi bakwai ne, ramuka a bayan injin sun fi ashirin. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa, wadda ta shiga in bar ta, wadda ta ƙi in ba ta haƙuri in nemi wani ramin. Na yi bisimilla na danna, ya tashi. Wallahi sai da na dubi ƙofa ko akwai wanda ya gani. Na buɗe wurin wasiƙu, ya shiga jero mini tambayoyi: sunan mai shi, adireshi, kalmar sirri, sunan hanyar da wasiƙa ke shigowa, sunan wadda take fita. Duk suna cikin takardar Bukar, na riƙa kwafa harafi bayan harafi ina sa yatsa a kai. Sai dai allon haruffan na Jidda ne, jerinsa ba irin na Faransanci da muka gani a horo ba ne, ga kuma baƙaƙen Larabci sun cakuɗe da su. Inda na san "a" take sai in tarar da "q". Wadda ta fi ba ni wuya ita ce "a" ɗin nan mai naɗe da rawani, wadda adireshi ba ya yiwuwa sai da ita. Ina ganin ta a saman lamba biyu, amma in na danna sai biyun ta fito. Na danna da ƙarfi, na danna a hankali, na danna sau biyu da sauri. Ana kiran la'asar gefen hannuna ya danne wani maɓalli bisa kuskure, yatsana yana kan biyun, sai ga ta. Ban san abin da na yi ba, sai da na ƙara ɓata wani rabin awa kafin na gano.

Talata na zauna rubuta sunaye. Gida sittin da 'yan kai, da yawan bakin da ke kowane gida, da yatsa biyu. Yawancinsu na san su, wasu sun goya ni. Na kai suna na arba'in wuta ta ɗauke. A horo an ce mana a riƙa adana aiki, na ma rubuta hakan a littafina na ja masa layi, amma ban yi ba. Da wutar ta dawo na tarar da farin shafi yana kallona. Na fito, Kawu yana zaure da carbinsa.

Ya ce, "An gama?"

Na ce, "Injin yana tace sunayen ne, Kawu. Gobe in sha Allah."

Ya ce, "Ikon Allah, har tacewa yake yi?" Na ce sosai ma.

Laraba na aika wa shugaban lakwal cewa cikina ya ɓaci (wannan kam ba ƙarya ba ce gaba ɗaya). Tun safe nake rubutu, kowane suna biyar sai na adana, na gama daidai azahar. Hajiya ta shige ciki. Na cire igiya daga jikin talho na soka ta a bayan injin yadda Bukar ya zana. Na sa adireshin buron Yamai, na duba shi sau huɗu. Na danna "aika".

Wasiƙar ta ɓace daga gilashin. Wani ɗan akwati ya fito, injin ya fara tit-tit-tit kamar mai buga lamba. Na ce madalla. Sai kuma ya yi wani siririn fito. Kafin in ankara ya ɓarke da ƙara kamar ana goga ƙusa a jikin kwanon rufi, ya haɗa da wani shuuu irin na ruwa in ya faɗa cikin mai mai zafi, ya sake tashi sama yana ƙyarƙyara.

Jama'a, kwana biyar muka yi a horo, ba wanda ya ce mana inji yana kuka. Kibiyar da aka zana mana a allo shiru take tafiya. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne na soka igiya a ramin da ba nata ba, wuta ta shiga inda bai kamata ba, injin yana ƙonewa ta ciki. Har ƙauri na ji, na rantse, ko da yake yanzu na san daga kaina ya fito. Na ga kaina riƙe da talho ina cewa, "Bukar, ni ne maƙwabcinku." Ban san sanda na kai hannu na fizge igiyar ba. Falon ya yi tsit.

Na zauna ina sauraron ko Hajiya ta farka. Ba motsi. Na shafa jikin injin, da ɗumi, amma bai mutu ba. Na duba gilashin: wasiƙar ba ta nan. A gefe kuwa ga wani akwati mai hoton ambulan, an rubuta lamba ɗaya a kusa da shi. Sai na zauna na tsara wa kaina bayani mai daɗi, irin wanda nake tsara wa 'yan aji uku. Na ce wasiƙar ta riga ta tafi tun da ta ɓace. Kukan nan wahalar tura ta ce, don nisan Yamai ba wasa ba ne. Lamba ɗayan nan kuma shaida ce cewa guda ta fita. Don in ƙara tabbatarwa na sake aikawa. Ya sake kuka, na sake fizgewa, lambar ta zama biyu.

Na fito zaure na ce, "Kawu, ta tafi. Har sau biyu."

Ya ajiye carbin ya ɗaga hannu. Ya yi wa mahaifina da ke kabari addu'a, ya yi wa mahaifiyata, ya yi wa ranar da ya kama hannuna ya kai ni lakwal mutanen gari suna ce masa ya ɓatar da yaro. Idonsa ya kawo ruwa. Ni ina tsugune ina amin. A yammacin ya hau mota ya koma gida da albishir.

Alhamis na koma, don raina bai kwanta ba. Wannan karon na je da mafici, na ce ko zafin bazara ne ke damunsa. Hannu ɗaya yana fifita, ɗaya yana kan igiya. Na ƙudurta zan daure in ga ƙarshen kukan. Na ƙirga ɗaya, biyu, har biyar, da ya kai wurin ƙyarƙyarar nan zuciyata ta gaza, na fizge. Lambar ta zama uku. Na mayar da zanin gadon da furannin roba yadda na same su, na fita ina sanɗa.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Tsoro biyu nake ɗauke da shi, in na ajiye ɗaya sai ɗayan ya tashi: ko na lalata amanar Bukar, ko wasiƙar ba ta isa ba. Abin haushi, na farkon ya fi damuna. In na hango Hajiya a ƙofar gida sai in canza lungu. Sau biyu na bi ta gaban wurin hayar intanet ɗin nan a kan keke. Tambaya ɗaya ce a bakina: "Wai inji yana kuka?" Na rage gudu, tsohon ɗan ajinmu ya ɗago hannu ya ce, "A'a, Mushe, shigo mana," na ce sauri nake yi, na wuce. A fada kuwa na yi shiru har abokai suka fara tambaya ko zazzaɓi ne.

Cikin makon wani direba ya kawo mini zabo ɗaure da tsumma. Ya ce Inna Habsu ce ta aiko, shugabar matan rumbun tsimi, ta ce a gaya wa Mushe ba yawa, shi kaɗai ya rage mata. Garin da ake jiƙa anza, daga can aka aiko mini da nama. Ya kamata in mayar. Na ci, Allah ya yafe mini, har da yaji na ci.

Ranar Asabar ta mako na biyu, da hantsi, na ji sallama. Kawu ne, Inna Habsu tana bayansa da ɗan ƙullinta a ka. Ko zama ba su yi ba.

Kawu ya ce, "Garin da ke gabas da mu an aiko musu, mota za ta zo jibi. Na yamma ma haka. Mu shiru. Muka ce bari mu zo ka duba mana a injin, wataƙila amsarmu tana ciki."

Na ce, "Ai layin sai bayan azahar, Kawu."

Ya ce, "Mu je dai mu gaida Hajiya."

Hajiya tana falo tana shan shayi. Ta tarbe su, ta sa aka shimfiɗa wa Inna Habsu tabarma. Da ta ji abin da ke tafe da su sai ta ce, "Wane azahar kuma? Mutane sun taso tun daga ƙauye. Mushe, cire talhon ka duba musu yanzu." Ta jawo kujerarta kusa, ta ce ita ma yau za ta ga yadda abin yake aiki, tun da kullum tana barci ake yi.

Na yaye zanin gadon. Inna Habsu ta dubi injin ta dube ni ta ce, "Allah ya ƙara maka basira, ɗan nan." Na soka igiyar. Na yi duk addu'ar da na sani a zuci, Allah ya sa yau ya yi shiru. Na danna.

Tit-tit-tit. Fito. Sannan ya ɓarke.

Inna Habsu ta ja da baya a kan tabarma. Hannuna ya tafi wurin igiyar da kansa, don ya riga ya saba.

Hajiya ta ce, "Kai, me za ka yi?"

Na ce, "Zafi yake ɗauka, Hajiya. In ba a cire da wuri ba zai ƙone." Har da muryar masani na faɗa.

Ta ce, "Ƙone? Ɗauke hannunka." Ban ɗauke ba, sai ta buge shi da bayan cokalin shayi. "Wannan ai gaisawa suke yi da na can. Injin faks na dillalina a Kano haka yake yi duk sanda zai aika takarda, har na saba in toshe kunne. Sai ya gama kukan takarda take tafiya. Bar shi."

Na bar shi. Kukan da na tsere wa sau uku bai kai rabin minti ba. Ya yi ƙyarƙyararsa, ya yi shuuu, ya yi ɗif. Wani layi ya fito a gilashin da Faransanci: ana aika ta ɗaya cikin uku. Ina kallo lamba ukun nan da nake kira shaida ta koma biyu, ta koma ɗaya, ta ɓace. Akwatin ashe na wasiƙun da ke jiran tafiya ne. Kwana goma sunayen mutanen garinmu suna kwance a falon Hajiya ƙarƙashin furannin roba.

Kawu ya matso ya ce, "Me ya ce?"

Duk falon ni kaɗai nake karanta Faransanci. Zan iya cewa komai, kuma in gaya muku gaskiya, na fara. Na ce, "Yana... yana duba ne ko..."

Hajiya ta ajiye kofinta. Ta ce, "Mushe, tsaya. Ranar Larabar nan da ka aika, da ya yi kuka cirewa ka yi?"

Na ce, "E."

"Alhamis fa?"

"E."

"Ba ka taɓa barin sa ya gama ba?"

Ta juya wurin Kawu ta ce, "Malam Idi, ka yi haƙuri. Takardarku yanzun nan ta bar ɗakin nan."

Inna Habsu ba ta gane ba. Ta ce, "To wadda ta tafi wancan makon fa?" Ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sai ta sa hannu ta rufe bakinta. Kawu bai zage ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Da mari ya yi mini da na gode masa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma falon Hajiya siminti ne.

Ana cikin haka injin ya fara karɓo saƙonnin Bukar na wata biyar. Hoton wani jariri ya soma fitowa a hankali daga sama, goshi tukuna, sai ido, sai baki yana dariya. Hajiya ta yi masa kallo ɗaya, ta miƙe ta cire igiyar da hannunta ta mayar jikin talho. Ta ce, "Jika ya jira. Akwai lamba a takardar nan? Buga mini."

Na buga. Ta karɓa, ta sa aka nemo mata mai jin Hausa a buron, ta shiga yi. Ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta kira mutumin ɗanta, ta tambayi sunan garinsu ta ce ta san wani a can. Ta kusa rabin awa a kan layin da take cewa da shi take ci. Da ta ajiye ta ce, "Sun ga takardar, guda uku ma. Motocin farko an riga an loda su, kowane buhu da garinsa. Ku sai zagaye na biyu. Ya ce mako uku."

Kawu ya ce, "Mako uku." Ya yi mata godiya sosai, ya tashi.

Na raka su tasha ina tura keke. Mun kusa isa Kawu ya tsaya ya ce, "Habsu, abin da ya faru a ɗakin nan, a can ya tsaya. Kin ji?"

Ta ce, "Na ji." Ba ta dube ni ba.

Na ce, "Kawu, me za ka gaya musu?"

Ya ce, "Zan ce layin Yamai ne ya cunkushe. Ba wanda ya san yadda yake, balle ya musa."

Mutanen garinmu sun ci irin. Ba duka ba, amma sun ci mafi yawansa, gida bayan gida, Kawu yana aunawa da hannunsa. Ruwan farko ya sauka kafin motar ta iso. Garuruwan gabas da yamma suka fita shuka, namu suna kallo. Da motar ta zo an samu na tuwo, amma hatsin agaji ba irin ƙasarmu ba ne, ba wanda ya yarda ya ba shi gonarsa. Da albashi ya fito na shiga kasuwa na sayi gero na iri iyakar ƙarfina. Tiya takwas na samu, ga gida sittin da 'yan kai. Na ɗaure a bayan keke na sa a mota na tafi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne tarbar. Ina sauka aka fara, "Ga mai inji, ga mai inji." Tsofaffi suna kama hannuna da hannu biyu. A ƙofar masallaci maigari ya ce da ba don ɗansu da ya yi boko ba, da ko a zagaye na biyun ba su shiga ba, layin Yamai ya toshe amma yaron nan bai gaji ba, sau uku yana turawa. Jama'a suka ce Allah ya yi albarka. Na kasa jurewa. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, akwai maganar da nake so in..."

Kawu ya kama gefen rigata ya ce, "Mushe ya gaji da hanya. Zo ka ga gona."

Muka fita bayan gari. Gonar da na sani tun ina yaro, daga bakin hanya har gindin gawo. Gero ya tsiro a kusurwa ɗaya, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran jar ƙasa ce a jiƙe, ciyawa ta fara rufe ta.

Na ce, "Kawu, ka bar ni in faɗa musu. Ba zan iya jin suna sa mini albarka ba."

Ya ce, "Na gani. So kake ka faɗa don ka ji sanyi a ranka. Su me za ta ƙara musu? Ƙwaya ɗaya ba za ta tsiro ba. Abin da za ta yi, gobe ba mai ƙara sa ɗansa lakwal a garin nan. Riƙe abinka." Ya miƙo mini sungumi. "Ƙasa da sauran danshi. Ni in sara, ko kai?"

Ni na sara, yana biye yana zuba iri yana rufewa da diddige, har rana ta yi ƙasa. Hannuna na mai riƙe alli ya yi bororo ya fashe, bai ce mini sannu ba.

Na riƙe abina kamar yadda ya ce, shekara da shekaru. Sai da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yan garin da yawa suka gama lakwal, na ga zan iya buɗe baki. Yanzu ina da ordinatar nawa, ba ya kuka, nakan ma haɗa wa mutane imel in sun roƙa. Amma tun daga falon Hajiya, duk abin da aka tambaye ni, ko hanyar tasha ce, in ban tabbatar ba nakan ce ban sani ba tun mai tambayar bai rufe baki ba. Har yaran ajina sun sa mini suna Mushe Ban-Sani-Ba. Suna tsammanin ban ji ba, ni kuwa ko daga nesa aka kira shi juyowa nake yi.